KURA DA SHAN BUGU, GARDI DA KWASHE KUƊI

Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya a kan fushin da jama'a ke yi da kamfanonin ƙirƙirarriyar basira



Ina godiya ga shugabanni da suka ba ni wannan dama in yi magana a kan wani al'amari da ya cika gidajen rediyo da jaridu, watau abin nan da ake kira ƙirƙirarriyar basira, wanda Turawa ke taƙaita sunansa da AI. Na san wani zai ce, mu da ke fama da tsadar mota daga Arewa da kuɗin haya da na makarantar yara, ina ruwanmu da rigimar Turawa da na'urorinsu? To, a yi haƙuri a saurara zuwa ƙarshe. Gaskiya ne rigimar ta fi zafi a Amurka da Turai, amma wayar da ke aljihun kowannenmu ita ce ƙofar da abin ke shigo mana. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, kun san sauran maganar.

MECE CE ƘIRƘIRARRIYAR BASIRA?

Da farko, babu aljani ko tsafi a cikin abin nan, lissafi ne zalla. Ana tara rubuce-rubuce da hotuna da muryoyin mutane masu ɗimbin yawa a ɗura wa manyan kwamfutoci, su yi ta bi suna lura da wace kalma ce ta saba bin wace, wane launi ne ya saba zama kusa da wane. Bayan watanni ana wannan horo, sai na'urar ta iya rubuta wasiƙa, ta zana hoto, ta fassara harshe, har ta kwaikwayi muryar mutum. Jama'a sun farga da ita sosai ne a ranar 30 ga Nuwamba, 2022, lokacin da kamfanin OpenAI na Amurka ya fito da ChatGPT.

Kuma don a yi adalci, tana da amfani. A 2024 wasu masana biyu na kamfanin Google DeepMind suna cikin waɗanda suka sami lambar yabo ta Nobel a fannin kimiyyar sinadarai, saboda na'urarsu da ke gano siffar sinadaran gina jiki, abin da ke taimaka wa masu neman magunguna. Mu ma nan, tun Disamba 2013 aka sa Hausa a cikin Google Translate, kuma akwai 'yan kasuwarmu da ke amfani da ita wajen karanta saƙon abokan ciniki.

To, in haka ne, me ya kawo fushi? Wani bincike da cibiyar Pew ta yi a Amurka a 2023 ya nuna kashi 52 cikin 100 na mutanen ƙasar fargabarsu ta fi murnarsu yawa a kan wannan fasaha, kashi 10 kacal ne murnarsu ta fi. A ƙasar da aka ƙera abin ke nan fa! Don mu gane dalili, sai mu auna shi da ma'aunin da muka sani a kara da rumfar goro. In kaya ya iso, tambaya huɗu ake yi: kayan wane ne, wa ya yi dakonsa, wa ya biya kuɗin hanya, kuma ribar ta shiga aljihun wa?

KAYAN WANE NE?

Kun ji na ce ana ɗura wa na'urar rubutu da hotuna. Daga ina aka samo su? Daga intanet aka kwashe: littattafan marubuta, labaran 'yan jarida, zanen masu zane, har hirarrakin talakawa irinmu. Akasari ba a tambayi masu su ba, ba a kuma biya su ko kwabo ba. Kana aka juyo aka sayar wa duniya na'urar da za ta yi gogayya da su a sana'arsu.

Shi ya sa a Disamba 2023 jaridar New York Times ta maka OpenAI da Microsoft a kotu, tana cewa an yi amfani da miliyoyin labaranta ba izini. Kamfanonin kuwa suka ce doka ta yarda a karanta abu a koya daga gare shi, kamar yadda ɗalibi ke yi. A wata shari'ar da marubuta littattafai suka shigar da kamfanin Anthropic, alƙali ya yanke a Yuni 2025 cewa horar da na'ura da littafin da aka saya bai saɓa doka ba, amma tara kwafin sata wata magana ce dabam. A Satumba 2025 kamfanin ya amince zai biya dala biliyan 1.5, watau kamar dala 3,000 a kan kowane littafi, ga littattafai kusan 500,000. A Ingila kuma, a Fabrairu 2025, mawaƙa da makaɗa sama da 1,000 suka haɗu suka fitar da faifan da babu waƙa ko ɗaya a ciki, sai shirun ɗakunan kiɗa, don su nuna wa gwamnatinsu abin da zai rage in aka ba kamfanoni damar kwashe ayyukansu kyauta.

A tsarinmu na fatauci, baƙo ya kawo shanu ko goro, ya sauka gidan maigidansa, dillali ya sayar, a cire la'ada, a danƙa wa mai kaya kuɗinsa. Da wannan amana aka gina Sabon Ibadan da Agege da Shagamu. Yanzu ku ɗauka dillali ya sayar da kaya, ya riƙe kuɗin duka, ya ce wa mai kaya ai ka yi murna an ga kayanka a kasuwa. Kwana nawa zai yi a kara? To, abin da marubutan nan ke kuka da shi ke nan.

WA YA YI DAKO?

Ana nuna mana na'urar kamar ita ta koya wa kanta komai. Ba haka ba ne. A bayanta akwai dubban ma'aikata da ke zaune gaban kwamfuta suna tantance mata: wannan hoton mota ne, wannan na mutum ne, wannan magana zagi ce, wannan batsa ce, kada ki maimaita. Kuma mafi yawan irin wannan aiki a ƙasashen da lada ke da araha ake ba da shi.

A Janairu 2023 mujallar Time ta bankaɗo cewa wasu ma'aikata a Nairobi ta ƙasar Kenya, a ƙarƙashin wani kamfanin 'yan kwangila mai suna Sama, su ne suka yi aikin tantance munanan rubuce-rubuce don a tsabtace ChatGPT. Sun wuni suna karanta bayanan kisa da fyaɗe da cin zarafin yara, har wasu suka ce barci ya gagare su. Abin da ke shiga hannunsu bai kai dala 2 a awa ba, alhali a takardar kwangila dala 12.50 ake biyan kamfanin a kan kowace awa. Kamfanin ya ce a ciki yake fitar da sauran ɗawainiyarsa. Ko ma dai yaya ne, kun ga wanda ya ɗauki kaya a ka shi ya tashi da mafi ƙanƙanta.

A Nairobin nan dai aka riƙa tace wa Facebook abubuwan da ake sakawa a harsunan Afirka, kuma cikin ma'aikatan har da 'yan Nijeriya masu duba abin da aka rubuta da Hausa. A Mayu 2023 ma'aikata sama da 150 suka taru a birnin suka yanke shawarar kafa ƙungiyar ƙwadago tasu. Ashe ke nan maganar ba ta yi nisa da mu ba kamar yadda muke zato.

WA YA BIYA KUƊIN HANYA?

Na'urorin nan ba a iska suke zaune ba. Suna cikin wasu manyan gine-gine ne, rumbunan kwamfuta, masu shan wutar lantarki dare da rana, da yawansu kuma da ruwa ake sanyaya su. Hukumar makamashi ta duniya ta ƙiyasta cewa a 2024 irin waɗannan rumbuna sun sha kashi 1.5 cikin 100 na wutar duniya baki ɗaya, kuma tana hasashen abin zai ninka kafin 2030. Wutar da suka sha a wannan shekara ɗaya ta kai kamar ninki goma na duk wadda tashoshin Nijeriya ke bayarwa a shekara. Mu da muka san zaman duhu da kuɗin man janareta, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Saboda ƙishirwar wuta, a Satumba 2024 Microsoft ya ƙulla yarjejeniyar shekara 20 don a sake tayar da wata tashar nukiliya da aka rufe a jihar Fensilbeniya. A birnin Memfis, kamfanin xAI na attajiri Elon Musk ya girke injuna masu ƙona iskar gas don ba rumbunsa wuta, kusa da unguwannin da akasari baƙaƙen fata ne marasa ƙarfi, mutanen suka fito suna kukan hayaƙi da ciwon asma. A Tusan, birnin da ke cikin hamadar jihar Arizona, jama'a suka cika zauren majalisar birni, har a Agusta 2025 kansiloli suka ƙi amincewa, baki ɗayansu, da shigar da wani katafaren rumbu cikin birnin a ba shi ruwa. A Yurugwai ma, lokacin farin 2023, da ruwan famfo ya koma gishiri-gishiri a babban birninsu, mutane sun yi zanga-zanga suna sukar shirin Google na gina rumbu a ƙasar.

RIBAR TA SHIGA ALJIHUN WA?

Nan ne gizo ke saƙa. Kamfanin Nvidia, mai ƙera ƙwaƙwalwar da na'urorin ke aiki da ita, darajarsa a kasuwar hannun jari ta kai dala tiriliyan 1 a 2023, ta kai tiriliyan 3 a 2024, ta taɓa tiriliyan 5 a Oktoba 2025. Shi kuwa OpenAI, da aka kafa shi a 2015, cewa aka yi ba don riba ba ne, don amfanin bil'adama ne. A 2019 ya buɗe reshen neman riba, Microsoft ya zuba masa dala biliyan 1, daga baya ya ƙara wasu biliyoyin. Mutane da yawa sun ga kamar an tara su ne da sunan aikin gayya, da amfani ya nuna sai aka kewaye gonar da shinge.

A gefe guda kuma, shugabannin kamfanoni da bakinsu suke cewa na'urar za ta rage musu ma'aikata. Kamfanin Klarna na ƙasar Siwidin ya yi alfahari a 2024 cewa na'urarsa na yin aikin mutum 700 masu amsa kiran abokan ciniki. A 2025 shugabansa ya dawo ya yarda cewa ingancin aikin ya ragu, za su sake neman mutane. To, wanda aka gaya wa da kayansa aka gina na'ura, da wutar garinsu take aiki, kuma aikinsa take shirin karɓewa, yaya za a ce kada ya yi fushi?

IDAN NA'URA TA ZAMA ALƘALI

Akwai wani ɓangaren da nake so mu da ke zaune a garin da ba namu na asali ba mu saurara da kunnen basira. A ƙasar Holand, hukumar haraji ta yi amfani da lissafin kwamfuta don gano masu zamba a kuɗin tallafin renon yara. Cikin abubuwan da lissafin ya ɗauka alamar rashin gaskiya har da kasancewar mutum yana da takardar zama ɗan ƙasa biyu. Aka zargi iyaye kusan 26,000 bisa kuskure, da yawansu baƙi ne ko 'ya'yan baƙi, aka tilasta musu mayar da kuɗin da ba su da shi, gidaje suka watse. Da asiri ya tonu, gwamnatin Firayim Minista Mark Rutte ta yi murabus a Janairu 2021. A Ingila ma, a 2020, da annobar korona ta hana jarrabawa, lissafin kwamfuta ya rage wa kusan kashi 40 cikin 100 na sakamakon ɗalibai maki, abin ya fi taɓa 'ya'yan makarantun talakawa. Yara suka fito kan titi, cikin 'yan kwanaki gwamnati ta janye.

Darasin shi ne, na'ura daga mutane take koyo, har son zuciyarsu da ƙyamarsu take kwasa. Jami'in da ya zalunce ka, kana iya kai ƙararsa gun Sarki ko gun na gaba da shi. Amma in aka ce maka "kwamfuta ce ta ƙi", wa za ka kama? Kuma a kowace ƙasa, baƙo ne farkon wanda irin wannan kuskure ke faɗa wa.

FUSHI IRI BIYU

Jama'a, fushi iri biyu ne, kuma tarihi ya nuna wanda ya fi biya. Daga 1811 zuwa 1816, masaƙa a Ingila sun riƙa shiga masana'antu da dare suna farfasa injunan da aka kawo don a karya ladansu. Gwamnati ta yi dokar kisa a kan fasa inji a 1812, aka rataye wasu a birnin Yok a 1813, injuna kuma suka ci gaba da aiki. Irin wannan fushi bai mutu ba: a Fabrairu 2024 wasu mutane sun cinna wa wata motar haya marar direba ta kamfanin Waymo wuta a San Faransisko. Mota ɗaya ta ƙone, kamfanin bai fasa komai ba.

Ga ɗaya irin kuma. A 2023 marubutan fina-finan Holiwud, su kimanin 11,500, suka shiga yajin aiki na kwana 148. 'Yan wasa su ma suka bi, suka yi kwana 118. Ba su fasa ko gilashi ba. Da aka tashi, sun samu a rubuce cewa ba za a lissafa na'ura a matsayin marubuci ba, ba za a tilasta wa marubuci aiki da ita ba, kuma ba za a kwafi fuska ko muryar ɗan wasa ba sai da izininsa da biyansa. A Oktoba 2024 ma'aikatan tashoshin jiragen ruwa na gabashin Amurka, su kimanin 45,000, suka ajiye aiki kwana uku a kan albashi da batun injuna masu sarrafa kansu, suka sami ƙarin albashi, daga baya aka yi yarjejeniya a kan injunan. Tarayyar Turai ma ta kafa dokar ƙirƙirarriyar basira wadda ta fara aiki a Agusta 2024. Duk waɗanda suka sami wani abu, da ƙungiya da takarda suka same shi.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Na farko, murya ta daina zama shaida. Da ɗan gajeren saƙon murya ana iya ƙera muryar mutum ta faɗi abin da bai faɗa ba. A Hon Kon, a farkon 2024, an yaudari ma'aikacin wani kamfani ya tura kusan dala miliyan 25 bayan taron bidiyo da ya ga fuskokin manyansa, ashe duk na bogi ne. Mu kuwa cinikinmu rabinsa a waya yake: "Alhaji, tura wa direba kuɗi, mota ta lalace a Lakwaja." Daga yau, in an nemi kuɗi da gaggawa, a kashe a sake kira ta lambar da aka sani, kuma kowane gida da kowace rumfa su ajiye wata kalma tasu ta sirri.

Na biyu, kada mu sayar da jikinmu da araha. A Kenya, a 2023, dubban mutane sun yi layi ana ɗaukar hoton ƙwayar idonsu don a ba su kuɗin intanet na kimanin shilin 7,000, a wani shiri mai suna Worldcoin wanda shugaban OpenAI, Sam Altman, ke cikin waɗanda suka kafa. Gwamnati ta dakatar da shi a watan Agusta na shekarar, kotu kuma ta ba da umurni a 2025 a goge bayanan. Fuska da zanen yatsa da lambar BVN da ta NIN ba riga ba ne da za a sake in an sace. Nijeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, kuma a Yuli 2024 hukumar kare masu sayen kaya ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220. Ke nan akwai inda ake kai kuka.

Na uku, ku samari da 'yan mata. In an zo muku da aikin naɗar murya ko fassara ko gyara Hausar na'ura, aiki ne na halal, kuma muna so harshenmu ya shiga. Amma ku tambaya: wa zai mallaki muryar, me za a yi da ita, nawa ne ladan, yaushe za a biya? A rubuta. Kada a biya ku da katin waya a kan abin da za a ci moriyarsa shekaru.

Na huɗu, iyayenmu. Yaron da na'ura ke yi wa aikin gida zai kawo maki, amma kansa fanko ne. Kuma na'urar tana shara ƙarya da cikakkiyar natsuwa, saboda haka kada a ɗauki maganarta a kan magani ko shari'a ba tare da an tambayi masani ba. A haɗa wa yara karatu da sana'ar hannu, domin wanda ya iya abu da kansa shi ke gane in na'ura ta yi kuskure.

Na ƙarshe, ina ba shugabanni shawarar a kafa ɗan kwamiti na matasanmu masu ilmin kwamfuta, wanda dattijo ko uwa za su iya kai wa saƙo ko takarda a duba musu kafin su tura kuɗi ko su danna yatsa. Ba ya bukatar ofis, benci ɗaya a ƙofar fada ran Lahadi ya isa.

Ranka ya daɗe, kakanninmu sun zo ƙasar nan da ƙafa da jakuna. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, suka hau da goronsu da shanunsu. Tirela ta zo, suka hau. Waya ta zo, muka riƙe. Ba mu taɓa gudun sabon abu ba, amma ba mu taɓa shiga ciniki ba tare da mun tambayi farashi da la'ada ba. Wannan ma haka za mu yi masa, don kada a wayi gari mu ne kura, wasu ne gardawa.

 Allah Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, Ya sa albarka a kasuwanninmu, Ya mai da kowa gidansa lafiya.